Yamusa Mai Zane da Rana

Daga kasuwar Karshi zuwa ƙofar gidan Yamusa a Orozo tafiyar minti arba'in ce a keke, in damina ce a ƙara goma. Shekara huɗu na yi ina bin hanyar, tun 1971 da aka turo ni malamin gona, kuma da wuya in wuce ban tsaya a rumfarsa ba.

Bagwari ne, gajere, mai faɗin tafin hannu, a lokacin bai gaza shekara sittin ba. Sana'arsa zanen ƙwarya, kamar ubansa. Yakan dasa duma a bayan gida, ya fafe ƙoren, ya shanya, sannan ya zauna da ƙarafa bakwai a cikin garwashi yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Zane goma sha tara ya gada, na sa ya lissafa mini su: sawun zabo, ƙayar kifi, idon saniya, tsani, da sauransu. Matan Gwari masaki kawai suke so, babba, wanda zai zauna a kafaɗa ya ɗauki doya. Masu sayen zane matan Fulani ne daga rugage bakwai da ke tsakanin Orozo da Kurudu. Babbarsu Adda Uwani, doguwar dattijuwa wadda in ta ce ƙwarya ta yi, ta yi. Inda ta saya nan sauran ke saye.

Sai motoci suka fara sauke roba daga Kano. Ranar kasuwar farko da na ci a Karshi na ƙirga masu tallar nono talatin da ɗaya, ashirin da shida da ƙwarya. Bayan shekara guda na sake ƙirgawa, masu ƙwarya goma sha ɗaya. Roba ba ta da nauyi, in ta faɗi ba ta fashewa, ga ja ga shuɗi. Yamusa ya wuni a rumfa garwashinsa na cinyewa a banza. In Adda Uwani ma ta juya baya, zane goma sha taran nan sun tafi ke nan, ba shi da wanda ya koya wa.

A ƙarshen ranin 1972 na same shi riƙe da jan kwanon roba yana jujjuya shi.

"Malam, zo ka ga aikin Lucy."

Lucy matarsa ce. Ta kife kwanon a kan rufin rumbu tun kaka, ta danne shi da guntun fasasshiyar tukunya don kada iska ta ɗauke, ta manta. Rana ta cinye jan duka ya koma fari-fari, sai wurin da guntun tukunyar ya rufe, nan jan yana nan ɗanye kamar jiya aka saya.

Lucy ta leƙo daga madafa ta ce, "Ya ɓata mini kwano da kallo tun safe. Ka tambaye shi ko za mu ci kallo ne yau."

"Ke ce kika ɓata kwano, ni gyara nake."

Ya kankare wurin da farce, ya wanke da toka, ya goge da yashi. Jan bai fita ba, farin bai koma ba. Ba fenti ba ne da zai ɓare, canjin a jikin robar yake. Ya ɗago ya dube ni.

"In na rufe inda nake so, na bar wa rana inda ba na so, wa ya yi zane?"

Washegari na kawo masa kwanoni shida. Ya kwaɓa yumɓu da ƙaro da ɗan kunkunniya ya yi kauri kamar kunu, ya fiƙe tsinken kara, ya ja sawun zabo a bayan kowane. Akwai falalen dutse bayan gidansa, taku sittin daga danga, nan muka kife su. Ni na riƙe littafi. Kwana ashirin muka wanke na farko, zanen sai ka karkata shi kafin ka gani. Kwana talatin, ya fito. Kwana arba'in, daga nesa ana gani. Na shida bai kai ba, ruwan farko ya sauko ya wanke yumɓun. Muka gane aikin na rani ne kawai.

Da kaka ta shiga ya cika dutsen. Kwano hamsin da biyu, layi huɗu, kullum da hantsi yana juya su don kowane gefe ya sha rana daidai. Akuya ta taɓa lashe masa uku saboda ƙaron, ya kewaye wurin da ƙaya. A watan Janairu ya kai ashirin kasuwar Karshi, kafin la'asar babu ko ɗaya. 'Yan matan Fulani suna tofa yawu suna murzawa da bakin zane don su ga ko zai goge, ba ya gogewa. Suna suka sa masa, mai zane da rana. Ranar ya raka ni hanya yana tura kekena, yana waƙar Gwari da ban ji ko kalma ba.

Adda Uwani ba ta zo ba sai da ta ga damina ta wuce kwanonin ba su koɗe ba. A watan Nuwamba na 1973 ta iso rumfar da 'yarta Aminatu, goye da yaro. Aminatu ta haihu a gida, ta yi shekara biyu wurin uwarta kamar yadda suke yi, bayan rani za ta koma ɗakin mijinta. A al'adarsu ba ta komawa hannu wofi, uwa ce ke haɗa mata ƙore, a jera su a ɗaki dangin miji su zo su gani.

Adda ta zauna ba tare da an ba ta wuri ba. "Bagwari, an ce ka daina aiki, ka ɗauki rana lebura."

"Adda, rana ba ya neman nono kyauta kamar wasu."

"Wa ya taɓa ba ka nono kyauta, mai cin doya? Ji nan. Yarinyar nan ta ce ita roba take so, tsararrakinta duk roba. Ni kuma na ce ba za ta shiga gidan mutane da kwano tsirara ba kamar marar uwa. Idon saniya da tsani, irin wanda babanka ya yi wa innata. Ashirin da huɗu. Za ka iya?"

"Zan iya."

"Ba na son wanda zai kunyata ni."

"In ya kunyata ki, ki zo ki kwashe ƙarafana."

"In yi me da su, in yi wa shanu kitso?"

Aminatu ta rufe baki tana dariya. Suka zaɓi manya takwas, matsakaita goma, ƙanana shida, duk ja.

Kwana tara ya yi yana ja musu yumɓu. Ban taɓa ganin hannunsa ya yi kyau haka ba. Da suka cika kwana arba'in a dutse na ce a sauke. Ya girgiza kai. A saninsa, ƙwaryar da aka yi wa gaggawar shanya ita ce ke ruɓewa, wadda ta daɗe a rana ita ce ke kai wa jikoki. Haka ubansa ya koya masa, haka ya gani shekara hamsin.

"Na kasuwa kwana arba'in. Na Adda sai rani ya ƙare. Rana zai sa musu ƙarfi."

Ni kuma na duba littafina, na ga duk kwana goma da aka ƙara zanen na ƙara fitowa, na ce ai kuwa, a ƙara. Launi nake aunawa. Ban taɓa ɗaukar kwano na lanƙwasa bakinsa ba, ko sau ɗaya.

Kwana ɗari da ashirin da ɗaya suka yi. Da aka wanke, farin ya yi fari kamar madara, jan ya tsaya a kai kamar jini. Na shafa ɗaya, wani farin gari ya biyo yatsana. Yamusa ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ba da sauti busasshe, ƙal ƙal.

"Ka ji? Ya ƙosa."

Adda ta zo da mata biyar suka ɗauka. Ta daɗe tana bin idon saniyar da yatsa, sannan ta ce, "Babanka bai mutu ba." Iyakar yabonta ke nan, kuma Yamusa ya maimaita mini shi sau uku kafin in hau keke.

Ba na nan abin ya faru, a kasuwa na ji. An kai Aminatu, an jera kaya, dangin miji sun taru. Aka cika babban kwano da kindirmo don ta kai wa surukarta, aikinta na farko a gidan. Ta kama baki da hannu biyu ta ɗaga. Bakin ya biyo hannunta, gindin ya tsaya a ƙasa ya tsage biyu. Nono ya malale a gaban mutane har ƙarƙashin tabarmar tsohuwar. Wurin Fulani zubar nono ba ƙaramin abu ba ne, balle a rana irin wannan. Wata goggon mijin ta ce a fili, uwar da ta haɗa wa 'yarta ɓawon ƙwai me take nufi da gidan. Cikin kwana tara, kwano goma sha bakwai suka fashe, wani a hannu, wani a kan gammo, wani yana ajiye ba wanda ya taɓa shi.

Ina rumfar ranar da Adda ta dawo. Ita kaɗai, da ƙulli a ka. Ta kwance shi a gabansa, ɓaraguzai ja da fari suka zube.

"Sannu da aiki, Baba Yamusa."

Ya ɗauki guntu ɗaya yana dubawa.

"Ban zo faɗa ba," ta ce. "Babban nan nake so ka ɗinke. Ko ba za a zuba komai ba, a mayar da shi jeri, a ga dai an gyara. Yarinyar ba ta fita ɗaki."

Ƙwarya in ta fashe ana ɗinke ta, kuma Yamusa gyartai ne na gaske, na ga ƙwaryar da ya yi wa ɗinki uku tana riƙe ruwa. Ya ɗauko basilla da zaren kaba, ya haɗa ɓari biyun a gwiwa, ya kafa basillar. Wurin ya ɓantare. Ya matsa gaba, ya sa a hankali, ya sake ɓantarewa. Ya ɗumama bakin basillar a wuta, ramin ya fito, da ya ja zare sai ya yage kamar busasshen ganye. Huda goma sha huɗu ya gwada. Kowane gwaji ɓarin na ƙara ƙanƙancewa, garin robar na zuba a cinyarsa. Lucy tana tsaye a bakin madafa da muciya a hannu.

"Bari," in ji Adda. "Bari haka, kada ka ƙarasa shi."

"Adda, ni na ƙara musu kwana. Na ce don ke ce."

"Na sani. Da mugunta ka yi da ya fi mini sauƙi."

Ya ce ta ba shi shekara guda, zai dasa duma, ya yi wa Aminatu ashirin da huɗu na gaske. Ta ɗaure ƙullinta, ta miƙe.

"Allah ya kai mu," ta ce, ta tafi.

Daga wannan mako babu macen ruga da ta ƙara tsayawa a rumfarsa. Waɗanda suka sayi na kwana arba'in ma suka mayar da su na ba kaji ruwa, ko da yake yawancinsu ba su yi komai ba. Na ce masa mu koma kwana talatin, mu gwada shuɗi, mu lanƙwasa kowane kafin ya fita. Na kawo kwanoni huɗu. Ya karɓa ya miƙa wa Lucy.

"Malam, kai kana da littafi. Ni suna nake da shi."

Ya dasa duma a watan Yuni, rami arba'in. Ya samu ƙore sittin da uku, ya zaɓi ashirin da huɗu, ya zauna da ƙarafansa wata uku, idonsa na zubar da ruwa saboda hayaƙi. A watan Maris na 1975 muka ɗaure su a raga biyu, ɗaya a bayan kekena, ɗaya a kafaɗarsa, muka nufi rugar. Tafiyar awa biyu da kwata. Muka tarar da da'irar bukkoki babu bukka, turakun maruƙa a tsaye, kashin shanu ya bushe. Wani manomi ya ce sun tashi tun bayan kaka, su da dangin mijin Aminatu duka, sun yi kudu wajen Binuwai, ciyawa ta yi musu kaɗan a nan. Yamusa ya tambaya ko sun ce za su dawo. Manomin ya ce bai tambaye su ba.

Yamusa ya sauke ragar ya zauna a kan wani turke. Sannan ya ce mu koma kafin rana ta yi zafi, kada ƙoren su sha ta da yawa.

A shekarar aka ɗauke ni daga Karshi. Sai 1978 na samu dawowa Orozo, na tarar ya rasu da wata bakwai, ciwon ƙirji. Lucy ta ce rani biyu yana zuwa mashigar shanu ta Kurudu duk ranar da ya ji garke zai wuce, yana tambayar makiyaya. Wasu su ce sun san Adda Uwani, wasu su ce ta rasu, wasu su ce ba su taɓa jin sunan ba.

Ta kai ni ɗakinsa ta nuna mini sama. Raga biyun na rataye a jikin azara. Na sauke na ƙirga. Ƙwari sun huda tara, sha biyar lafiya lau. Na ce ko in kai mata su kasuwa, akwai baƙi yanzu masu auna ƙasa, suna son irin wannan.

"A'a, Malam. Ba namu ba ne. Mayar da su inda ka gan su, ka ɗaure da kyau, ni hannuna ba ya kai wa."