Kayan Baƙo a Injinan Dapaong

Na riga na gaji da aikin nan tun kafin rigimar Dapaong. Ɗakin gwajinmu na Sokodé ɗaki ne guda a bayan biro, wato ofishin kamfani, injina jere cikin kabad na ƙarfe, na'urar sanyi tana gurnani daga safe har yamma. Ni kaɗai ce a ciki. Idan kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ni ce mai tayar da janareta. Idan rezo, wato layin sadarwa, ya yanke, ni ce mai amsa faɗan mutanen Lomé, kamar ni na tsinka wayar da haƙorina.

Kamfaninmu na waya ne, kuma ya shiga tarayya da ɗakunan bincike na wasu kamfanoni a ƙasashe daban-daban. Kowa ya ba da injinansa, aka haɗa su ta intanet, aka kira abin filin gwaji. Mai bincike yana zaune a garinsu zai nemi lokaci, a ba shi injina a garin da bai taɓa takawa ba, ya sauke aikinsa ya gwada. Idan lokacinsa ya cika, injin ya goge komai da kansa, na bayansa ya shigo. Girgijen intanet da ake ta faɗa ke nan, injin wani ne a ɗakin wani.

A arewacin Togo ɗakuna biyu ne, nawa da na Dapaong. Shekarar nan sai manyanmu na Lomé suka ce ba su ga amfanin ɗakunan arewa ba. Idan ba mu nuna wani abin kirki kafin ƙarshen damina ba, za a rufe, a kwashe mu zuwa Lomé. Ni kuwa Inna tana kwance a gidanmu na unguwar Kpangalam a Sokodé, ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta karɓar magani a hannun kowa sai nawa, kuma ta rantse ba za ta mutu a Lomé, can bakin teku, ba. Yayana yana Blitta yana harkar manyan motoci, iyakar taimakonsa ya bugo waya ya ce a gaida Inna. Idan aka rufe ɗakin, ko in bar aiki ko in bar uwata.

Sai na tsara gwaji. Ina so in nuna cewa idan layin Lomé ya yanke, ɗakunan arewa biyu za su iya raba aiki tsakaninsu, wayoyin mutane su ci gaba da aiki. Na nemi lokaci a filin gwaji, aka ba ni. Abin da ya rage kawai injinan Sokodé da na Dapaong su zama babu komai a kansu ranar da zan fara.

Ranar ta zo, nawa fes, na Dapaong a cike maƙil.

Mai kula da ɗakin Dapaong dattijo ne, injiniya tun ina makarantar firamare. Malam nake ce masa, shi kuma ya ce ɗiyata. Na bugo masa, muka yi gaisuwar da ba ta ƙarewa, ya tambayi jikin Inna, ya tambayi ruwa, sannan ya ce eh, akwai kayan baƙo a kan injinansa. Wani mai bincike ne daga ɗakin wani kamfani a wata ƙasa, ya sauke aiki mai yawa, lokacinsa ya cika, bai kwashe ba. Na ce to injin ai ya kamata ya goge. Ya ce shi ya kashe wannan gogewar tun ranar da aka kafa ɗakin, ba ya goge wa kowa sai mai kaya ya ce ya gama.

Wallahi sai da na ajiye wayar a kan tebur na sha ruwa.

Na san inda abin ya samo asali, don ni ma 'yar zango ce. Gidan su Malam masaukin fatake ne tun kakanni. Mai goro ko mai shanu zai bar kayansa a ɗakin maigida ya wuce, ko shekara zai yi ba mai taɓawa, ba a ma buɗe bakin buhun. Gidanmu ma haka aka yi a da. Amma wannan ba buhun goro ba ne, kuma baƙon nan ya sa hannu a kan doka kamar kowa, ya san ranar da za a goge. Na faɗa wa Malam haka. Ya ce ya sani, ya kuma aika wa mutumin saƙo, yana jiran amsa.

Muka jira. Lokacina yana ta tafiya. Kullum da safe in ba Inna koko da magani, in hau mashin zuwa biro, in duba, injinan Dapaong suna nan a cike. Na ce a kwafe kayan zuwa wani wuri, Malam ya ce ba mu da faifan da zai ɗauka, layinmu kuma ba zai iya janye su zuwa Lomé ba, gaskiya ya faɗa. Na rubuta wa ɗakin binciken su baƙon, aka amsa min da saƙon inji, wai an karɓi buƙatata. Na yi tunanin kai ƙara Lomé, amma idan suka ji ɗakin Dapaong yana karya doka, ai na ba su wuƙar yanka mu duka biyu.

Da na ga saura kaɗan lokacina ya ƙare, na roƙi maƙwabciyarmu ta kwana da Inna, na shiga mota. Hanyar Dapaong ba ta da tausayi. Muka bi bayan tireloli masu zuwa Burkina suna hawan duwatsu kamar za su komo da baya, muka tsaya Kara, muka tsaya Mango, ƙafata ta kumbura. Duk hanya ina shirya maganar da zan yi wa dattijon nan, kuma ba mai daɗi ba ce.

Da kansa ya tare ni a tasha. Bai bar ni na yi magana ba sai da na ci tuwo a gidansa, matarsa ta ƙara min wagashi, cukun nono, soyayye. Haushi ya ƙara kama ni, don da wuya ka yi wa mutum rashin kunya da man girkinsa a hannunka.

A ɗakin injina na yi maganata duk da haka. Na ce baƙonsa wataƙila ya bar aikin, wataƙila ya manta, wataƙila kayan shara ne. Ya ce wataƙila kuma yana kwance asibiti, aikin shekararsa ne a nan. Na ce ni tawa uwar ba wataƙila ba ce, tana kwance yanzu haka. Na ce shi Malam ma aikinsa yana cikin haɗari. Ya ce ya sani. Bai yi musu da ko ɗaya ba, abin da ya fi gajiyar da ni ke nan.

Ya juya wajen injinan, ya shigar da mabuɗinsa na sirri, ya tashi daga kujerar.

"Ɗiyata, kina da gaskiya, doka ma tana bayanki. Amma hannuna ba zai iya ba. Ga kujera."

Ya fita ya yi alwalar la'asar. Na zauna na goge. Abin bai ɗauki lokacin da ake shan shayi ba.

Gwajin ya yi kyau, ko da yake a gurguje na yi shi. Malam ya taya ni da iyakar ƙarfinsa, shi ya gano inda saƙonni suke maƙalewa tsakanin ɗakunan biyu. Lomé suka karanta rahoto, suka ce a bar ɗakunan arewa tukuna. Na ci gaba da ba Inna magani da hannuna har ranar da Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinta, a Kpangalam. Ban yi nadama ba, kuma ko yau aka mayar da ni kujerar nan zan goge.

Baƙon bai amsa ba. Bai yi godiya ba, bai yi zagi ba, shiru.

Bayan rasuwar Inna, Malam ya ajiye aiki, ya ce zai koma gonarsa wajen garin Nano. Ba a ɗauki wani a madadinsa ba, aka ce in riƙa kula da injinan Dapaong daga Sokodé, wato an ƙara min aiki ba a ƙara min komai ba. Ya zo har Sokodé ya yi min ta'aziyya, ya kuma damƙa min mabuɗan ɗakin. Na raka shi bakin titi. Muna jiran mota sai ya ce yana da roƙo guda.

"Idan mutumin nan ya dawo neman kayansa, kada ki ce ke ce. Ki ce ni ne, ki ba shi lambata. A wurina ya sauka."

Na ce to, Malam. Motar ta zo a cike, aka matsa masa ya zauna a gefen kujera, jakarsa a kan cinya.