Gwadabe Ba Ya Kashe Mota a Hanya

Shekara ashirin da bakwai Malam Gwadabe ya yi yana jan babbar motar marigayi Alhaji Amiru mai gyaɗa, daga Rano zuwa duk inda aka ce a kai buhu. Gajere ne kakkaura, mai furfura a gemu, kuma a duk tsawon shekarun nan ko kwano ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Shi ya sa da Alhaji ya rasu aka sayar da babbar motar, matarsa Hajiya Lubabatu ta ce Gwadabe ba inda za shi.

Babban ɗanta Tajuddeen, wanda yake aiki a Kano, ya kawo mata ƙaramar motarsa fara da ya shekara uku yana hawa. Da kaka ta yi, aikin Gwadabe ya zama kullum banda Juma'a ya bi ta Kibiya ya tafi gonar gidan da ke Fassi, ya kai wa masu aiki abinci da buhunan wofi, ya dawo. Duk Asabar akan zuba masa lita ashirin a wani gidan mai. Tajuddeen ya ce wannan zai yi mako har da saura.

Kafin la'asar ɗin Talata allurar mai ta kwanta. Mako na biyu ma haka. A na uku Tajuddeen ya kira shi a waya.

"Baba Gwadabe, motar nan fa na san ta. Sansana mai take yi, ba sha ba."

"To, Alhaji Ƙarami, ni dai a hannuna sha take yi, har da suɗe kwano."

"Ko dai tankin ne ya yi ƙofar baya?"

Gwadabe ya gane ƙofar da ake nufi, ta satar mai da tiyo da jarka.

"Ka duba dai," in ji Tajuddeen. "In wata ya ƙare ba a gano ba, zan turo wani direba daga nan, kai ma ka huta."

Ranar Gwadabe bai taɓa tuwonsa ba. Matarsa Jumai ta matso masa da kwanon, ya mayar.

"Malam, tuwon ne ya sha man?"

"Yaron da na ɗauka a kafaɗa na nuna masa yadda ake matsa ham. Shi ne yau yake min maganar ƙofar baya."

"To ka ba su mukullinsu mana."

"In na ba su yanzu, ai na amsa laifin ke nan. Sai na gano mai shan man nan, ko aljani ne."

Washegari ya kai ta garejin Ishiyaku bakanike, abokin wasansa tun suna yaran mota. Ishiyaku ya kwanta a ƙarƙashinta ya bi tiyon mai tun daga tanki har inji, bai ga ɗigo ba. Ya cire fulogai, duk sun yi baƙi, ya canza. Da ya buɗe gidan filtar iska sai ya fashe da dariya, ya dumbulo ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa cike da hannu.

"Gwadabe, mota kake ja ko rumbu? Ɓera ma ya kama haya a nan. Ta ina za ta yi numfashi?"

"Cire ka sa sabuwa, ka rage surutu."

Ishiyaku ya zaga ya shuri taya. "Wa ya sace maka iska?"

"Ni na sa mai faci ya rage. Akwai yashi a hanyar Fassi."

"Yashin nan bai fi 'yan taku ba. Sauran hanyar duk jan ciki take yi a kan kwalta." Ya buɗe but ɗin baya, ya tsaya ya riƙe ƙugu. A ciki akwai jak ɗin babbar mota, da sarƙar ja, da waiji biyu na katako na tokare taya, da jarkar ruwa guda biyu. "Wannan kuma ƙaura kake yi?"

"Kayan aiki ne. Direba ba ya fita babu su."

"Direban gingimari ba. Wannan jak ɗin ya kusa nauyin motar."

Aka sauke kayan, aka ƙara iska. Gwadabe ya koma gida da ƙarfin gwiwa. A makon nan man ya kai hantsin Laraba, sannan allura ta kwanta. Abin da aka samu ke nan, rabin yini.

Ya koma zargin gidan mai. Ran Asabar ya je da jarka ya ce a zuba a ciki yana kallo, ta cika daidai wuya. Ya zargi maƙwabta, ya barbaɗa toka ya zagaye motar da ita. Da safe ya fito ya duba, sawun kaza kawai ya gani. Magana kuwa ta fara yawo. Yana wucewa ta tasha wani mai sayar da fetur a kwalba ya ɗaga masa murya.

"Baba, in da saura a kawo, ina saye."

Mutanen wurin suka yi dariya. Gwadabe bai waiwaya ba har ya isa gida.

Saura kwana tara wata ya ƙare, Hajiya Lubabatu ta aika aka kira shi zaure. Ta daɗe ba ta je gona ba saboda ciwon gwiwa.

"Malam Gwadabe, gobe da ni za ka tafi."

"Hajiya, ke ma gadina za ki yi?"

"Gonata zan gani. In na ga wani abu a hanya kuma, idona ne."

Ƙarfe bakwai ta fito da sandarta da carbinta, ta tarar da motar a ƙofar gida tana kunne, Gwadabe yana goge gilashi.

"Tun yaushe take kuka haka?"

"Tun na dawo daga masallaci. Ɗumama ta nake yi. Mota ba a ɗaukarta da sanyin jiki."

Hajiya ta shiga baya kusa da kular abinci.

Ba su fita daga unguwa ba ya tsaya a gaban dakalin Malam Ramalan, wani dattijo da ya karantar da rabin unguwar. Ya ja birkin hannu, ya fita, ya durƙusa.

"Malam, an tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Gwadabe. Ya gajiya?"

"Ba gajiya. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Ya iyali? Ya Jumai? 'Yar taku ta haihu kuwa?"

"Ta sauka, Malam, namiji."

"Masha Allah. Zauna mana."

"A'a Malam, a kan hanya nake, ga ta can a kunne."

Duk da haka sai da aka yi addu'ar jariri, aka taɓa maganar farashin taki, aka koma kan ƙafar. Hajiya ta ja ƙwayar carbi ɗaya ta riƙe.

Da suka hau kwalta ta lura ba ya wuce giya ta uku. Inji yana ta gurnani, shi kuwa idonsa yana gefen hanya, kada ya wuce wani babba bai gani ba. Ya tsaya wa mai unguwa. Ya tsaya wa wani tsohon yaron motarsa da ya koma sayar da rake. A wani ƙauye kafin Kibiya suka ga tabarmi a ƙofar wani gida, ana zaman makoki. Gwadabe ya ce ba zai yiwu ya wuce ba, mamacin ya taɓa taya shi canza taya. Ya shiga, aka yi fatiha, aka sake yi da wasu baƙi suka iso. Hajiya tana zaune, kujera tana karkarwa a ƙarƙashinta, ta ja wata ƙwayar.

A Kibiya ya rage wa mata biyu hanya da ƙwaryar nononsu. Bayan gari ya tsaya wa wani dattijon Bafillatani da yake jingine da sanda, suka gaisa da Hausa, suka sake da Fillanci, sannan aka bi shanun da tambaya kusan ɗaya bayan ɗaya. Sai sha ɗaya da rabi suka isa Fassi.

Ya faka a gindin ɗorawa, ya fita ya fara sauke buhuna. Motar tana nan tana kuka.

"Malam Gwadabe, zo." Ya zo bakin taga. "Kashe ta."

"Hajiya, ai a hanya muke."

"Mun iso."

"Ba a gida muke ba dai. Ni ba na kashe mota sai a ƙofar gida."

"Dalili?"

Ya gyara hularsa. "Shekarar da aka haifi Alhaji Ƙarami, na ɗauko gyaɗa buhu ɗari daga Zurgu. Na tsaya shan ruwa na kashe mota, ta ƙi tashi. Kwana biyu muna wurin, hadari ya zo ya jiƙa kaya. Marigayi ya zo da kansa, ya ce, Gwadabe, daga yau kada ka ƙara kashe min mota a hanya. Na ce na ji. Ban ƙara ba."

Hajiya ta ɗaga carbin, yatsanta a kan inda ta tsaya.

"Sha tara. Tsayuwarka sha tara daga gida zuwa nan, banda ɗumamen safe. Tafiyar da ba ta kai awa ba ka yi ta a awa huɗu da rabi, kuma ko sau ɗaya injin nan bai yi shiru ba. A nan ma haka kake barinta har ka gama?"

"Ai a silo take, ba tafiya take yi ba. Silo ba ya cin komai."

"To me take ci da take kuka? Iska?"

Gwadabe ya kalli motar, ya kalli masu aikin da suka tsaya da lauje a hannu suna sauraro.

"Wato ni ne. Na canza fulogi, na zubar da kayan aikina, na barbaɗa toka kamar mahaukaci, ashe ni ne. To yanzu gaisuwa ma ta zama laifi? In wuce Malam Ramalan in ɗaga masa hannu kamar ɗan acaɓa?"

"Ba wanda ya ce ka daina gaisuwa. Waccan motar Alhaji ya ce kada ka kashe, kuma an sayar da ita. Wannan tawa ce. Murɗa mukullin."

Ya shiga ya zauna, ya ɗora hannu a kan mukulli, ya yi bisimilla kamar mai shirin yanka, ya murɗa. Wurin ya yi tsit har ana jin kurciya a kan ɗorawa. Bai iya jira ba, ya sake murɗawa. Bugu ɗaya ta tashi. Ya kashe, ya tayar. Ya kashe, ya tayar. Sai ya daki sitiyari da tafin hannu.

"Ko sau ɗaya ma ba za ta ƙi ba, ta fitar da ni kunya."

Nan take Hajiya ta ciro waya ta kira ɗanta. Ba ta ambaci sunansa ba, don ɗan fari ne.

"Kai, ka saurara. Na ga mai shan manka da idona. Umarnin babanku ne, da gaisuwar mutanen Rano da Kibiya. Babu tiyo, babu jarka. Ga shi, ka san abin da za ka faɗa masa."

Ta miƙa wa Gwadabe wayar.

"Baba Gwadabe, ka yi haƙuri. Ni ma ai ban ce ka ɗauka ba."

"Ka ce ƙofar baya."

"Wasa nake yi, Baba."

"Ni ba kakanka ba ne, balle mu yi wasa."

Tajuddeen ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Na yi kuskure. Ran Juma'a zan zo har gida. Mukulli yana hannunka."

"Allah ya kai mu," in ji Gwadabe, ya mayar da wayar.

Ya zo ɗin kuwa, ya durƙusa a zauren Gwadabe a gaban mutane, maganar tasha ta mutu. A makon da ya biyo baya lita ashirin ta kai Asabar, allura ba ta taɓa ƙasa ba. Ishiyaku ya ce filtarsa ce ta yi aiki, Gwadabe ya ce ya je ya gaya wa ɓeran.

Sai dai akwai abin da Hajiya ba ta hango ba. A wannan hanya, muddin inji yana kuka, kowa ya san mai mota a tsaye yake, ana gaisawa a sallame shi. Wanda ya kashe mota kuwa, zuwa ya yi. Yanzu masu aikin Fassi ba sa ganin abinci sai azahar, ya huce, kuma kullum sai sun faɗa masa. Jumai ta ce ya zaɓi mutum biyar ya riƙa tsaya musu. Ya ce ta zaɓo masa sha huɗun da zai wuce, ta je ta gaya musu da bakinta.

A fitarsa ta farko bayan tafiyar da ya yi da Hajiya, ya tsaya a gaban dakalin Malam Ramalan, ya ja birkin hannu, ya murɗa mukulli. Dattijon ya karkata kunne, ya ji shiru, fuskarsa ta washe.

"Yau kam ka zo, Gwadabe. Shekara nawa ina cewa ka zauna." Ya juya wajen zaure. "A kawo tabarma, a dama fura."

"Malam, a kan hanya nake."

"Wace hanya? Ga mota a kashe."

Gwadabe ya waiwaya ya kalli kular abincin da ke kujerar baya, ya kalli inda rana ta kai. Ya sa mukullin a aljihu, ya tuɓe takalmansa.