Ƙarƙashin Teburin Mama Eyenga

Iskar Yawunde ba ta da mugunta. Da safe hazo kan sauko daga kan duwatsu ya kwanta bisa rufin kwano, rana in ta so yin zafi sai gajimare ya sha gabanta, da yamma kuwa wani sanyi ne mai laushi kamar tafin hannun jariri. Owona bai taɓa jin an tsinci wanda sanyi ya kashe a garin nan ba. Wataƙila shi ya sa mutum zai shekara goma ba ɗaki, ba wanda zai ga abin gaggawa a lamarinsa. Shi Owona ya yi sha ɗaya.

Amma kul ka kira shi mai kwanan waje. Maigadi ne, haka yake faɗa, haka kuma ya gaya wa 'yarsa da ke aure a Duwala. Ya zo birni yana saurayi daga wani ƙauye na bakin kogin Nyong, ya tura amalanke shekara talatin har bayansa ya lanƙwashe. Matarsa ta rasu da damina, kafin wata daminar aka rushe layinsu gaba ɗaya. Ya fito da tukunya guda da rigunan coci biyu, ya nufi kasuwa, don ita kaɗai ta san shi.

A kasuwar akwai wata al'ada. Matan da ke sarin agade da rogo ba sa iya kwashe kaya kullum, sai kowace ta sami mutum guda da zai kwana ƙarƙashin teburinta. Babu albashi, babu takarda. Akwai dai rufi, da abincin safe, kuma masu gadin ƙofa sun san fuskarka, ba za su kore ka ba idan an tashi. Wurin na wanda ke kwana cikinsa ne. Owona na Mama Eyenga ne, wata gajeriyar mace mai murya kamar ƙaho, kuma a shekara sha ɗaya ko ɗan yatsan agade bai taɓa ɓata a hannunsa ba.

Sai wani tsohon kwano ya yanke shi a ƙwauri. Ya sa toka, ya sa ganye, ya ɗaure da tsumma. Ciwon ya yi shiru kamar ya haƙura, ashe ciki yake ci. Bayan wata biyu ya zama gyambo, ƙudaje suka fara rakiyarsa.

"Mijina," in ji Mama Eyenga wata safiya, da sunan tsokanar da ta saba kiransa, tana miƙa masa dafaffen rogo da gyaɗa, "ƙafar nan taka ta fi ni baki. Tun daga layin masu tumatir take sanar da mutane kana nan."

"To ki biya ta kuɗin talla mana."

"Ba wasa nake ba, tsoho. Jiya wata ta ɗauki agade ta ajiye, ta toshe hanci. Ka hau wajen Sistoci."

Gidan Sistocin, inda suke jinyar marasa galihu, yana kan tudu, bayan coci. Gado ashirin da huɗu ne, masu nema kuwa ba su ƙirguwa. Sista Filomena, wata doguwa mai tabarau, ta kwance tsumman, ta duba gyambon da kyau. Sannan ta gaya masa ƙa'ida: kwana talatin ake ba mutum, a shiga kafin shida na yamma, wanda ya tsallake kwana ɗaya an ba wani gadonsa, kuma wanda ya fita ba ya dawowa sai shekara ta zagayo.

"Sista, ki wanke min da rana, da yamma in koma bakin aikina."

"Papa, wannan ƙafar kwanciya take so, a ɗage ta sama. In ka ci gaba da taka ta, watan gobe ba ni za ka gani ba, mai zarto za ka gani."

Owona ya sauko daga tudun a hankali, yana dogara sanda. Kwana talatin. Mama Eyenga ba za ta bar kayanta ba mai tsaro ko kwana biyu ba, kuma ya san mutum nawa ne ke kallon ƙarƙashin teburin nan kamar yadda mayunwaci ke kallon tukunya. In ya rasa shi, ba rufi kaɗai ya rasa ba. Ya rasa abin da zai ce wa 'yarsa idan ta tambaye shi aiki.

Sai ya tuna da Tsala. Tare suka tura amalanke a da. Yanzu Tsala na kwana a barandar wani shagon taya, inda feshin ruwa ke samun mutum har wuya. Owona ya same shi yana gyaran igiyar takalminsa.

"Kai ɓarawon kaji, ina da aiki."

"A'a, ranka ya daɗe babban maigadi! Yau an tuna da talakawa?"

"Aron wurina zan ba ka, ka ji da kyau. Aro. Kwana talatin."

"Ko kwana uku ne na gode. Ni da rabona da in farka a bushe tun bara."

A nan Owona ya yi kuskurensa, kuma girman kai ne ya sa shi. Ba ya so a ce ya kawo wa Mama Eyenga sakarai. Ya zaunar da Tsala yini guda, ya juye masa duk abin da shekara sha ɗaya suka koya masa. Yadda ake rufe agade da ɗanyen ganye a bar masa kafar iska don kada ya nuna lokaci guda. Ramin da ɓeraye ke bi, da dutsen da ake toshe shi. Wane maigadin ƙofa ake gaisarwa da sunan garinsu. Yadda Mama ke so ta tarar an yayyafa ruwa a gaban tebur, an juya kujerarta tana kallon gabas. Har abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba ya gaya masa: ranar Alhamis ɗanta ya rasu, kada a yi mata wasa ranar Alhamis.

Kwanakin tudu sun yi masa tsawo. Gadon ya yi laushi da yawa, shirun ya yi yawa, jikinsa ya saba da ƙamshin ganye da kukan kasuwa. Yakan zauna bakin taga da ƙafa bisa matashi, yana kallon garin ya bazu a kan duwatsunsa, ja da kore, rufi dubu dubbai suna walƙiya bayan ruwa, ba ko ɗaya da ya san sunansa. Amma naman ya riƙa haɗuwa. A rana ta talatin Sista Filomena ta shafa tabon da yatsa, ta yi murmushi, ta ba shi sabulu da takalman roba. Kafin ya kai ƙofa an riga an canja zanin gadon, wani mai tari na zaune a kai.

Ya iso kasuwa da hantsi, ba sanda. Gaban teburin a share yake, agaden a jere kamar an auna da zare. Mama Eyenga ta gan shi ta yi guɗa, ta sa shi ya juya ya sake juyawa, ta kira maƙwabta su ga ƙafa. Sai dai ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Mijina, zauna ka ci wani abu."

"Na ci. Na dawo bakin aiki ne."

Ta gyara wani agade da ba ya bukatar gyara. "Ka san motar kaya ta garin Bafiya yanzu da asuba take zuwa. Tsala shi ke sauke min kaya, ba sai na nemi masu dako ba. Bayanka kuwa, kai ma ka sani." Ta ƙara da ƙaramar murya, "Ni ma ba yarinya ba ce, Owona."

Tsala ya fito daga bayan buhuna da bokiti a hannu. Ya yi ƙiba kaɗan. Ya tsaya nesa.

"Aro na ce maka," in ji Owona.

"Ka ce. Ban musa ba." Tsala ya ajiye bokitin. "Ka ce min in tashi, yanzu zan tashi. Amma ka gaya min ina zan nufa. Barandar nan ranar da na bar ta wani ya shimfiɗa kwalinsa."

Owona ya dube shi, ya dubi teburin. Faɗinsa bai wuce na mutum ɗaya ba, shi ya fi kowa sani. Kuma ko Tsala ya tashi, ba Tsala ne ya yi zaɓin ba, Mama ce. Mai tumatir da ke gefe, wadda ta gama jin komai tana yi kamar ba ta ji ba, ta ce wai ta ji mai tsaron teburin wata mata a layin masu kifi ya koma ƙauye, ya gwada can, sai dai ƙasan wurin ba ya bushewa ko da rani.

"Wace ce a cikinsu?" in ji Owona.

"Mai jan ɗankwali. Ka yi sauri, Papa, ba kai kaɗai ka ji ba."

Mama Eyenga ta naɗe masa rogo a ganye, ta tura cikin jakarsa ba tare da ta tambaye shi ba. Bai ce na gode ba, bai kuma mayar ba. Ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, ya gangara ta tsakanin tebura zuwa inda ruwan kifi ke malala, yana haɗa a ransa abin da zai fara ce wa matar da bai sani ba.