Shanun Dutse da Butar Yayana

Yayana yana da tsari guda na karɓar baƙo a gindin dutsen nan. Da farko gaisuwa. Bayan gaisuwa ya shimfiɗa buhu a inuwa, ya ce a zauna. Sai ya kawo ruwan sha. In baƙo ya sha ya huta, sai Yaya ya ɗauki butarsa ta alwala, ya matsa jikin dutse, ya yi bisimilla, ya watsa ruwa. Nan take jajayen shanu su bayyana a bangon da ɗazu ba a ganin komai a kansa sai dishi-dishi.

Dutsen yana can bayan Asokore Mampong. A zamanin mahaifinmu, wanda dillali ne a kara, wato kasuwar shanu, nan makiyaya masu koro shanu da ƙafa daga arewa suke yada zangon ƙarshe kafin su shiga Kumasi. Gefe guda na dutsen ya yi leɓe kamar rumfa. A bangon rumfar ne mutanen dauri suka zana shanu da jan launi, masu dogayen ƙaho, da 'yan mutane sirara a tsakaninsu. Manyan suna ƙasa, daidai ƙirjin mutum. Wasu ƙanana 'yan kaɗan suna can sama cikin duhun rufin. Ba wanda ya san mai zanen. Baba ya ce haka ya tarar, Asantawan ƙauyen ma suka ce haka kakanninsu suka tarar. Watsa ruwan kuwa, a wurin makiyaya Yaya ya gani tun yana yaro.

Ni ce autar gidanmu. Atamfa nake sayarwa a Aboabo, karatun bokona bai wuce midil ba. Yaya yana kirana Saja, wai ba na dariya sai an kawo dalili.

Da shanu suka koma zuwa a manyan motoci, zangon ya mutu. Shi kuma Yaya bijimi ya taka masa ƙafa a kara, ya bar dillanci. Sai ya ɗauki goro ya je wurin Nana, sarkin ƙauyen da ke da ƙasar, ya roƙa a bar shi ya kula da wurin. Nana ya yi dariya, ya ce ya je.

Shara ya fara yi. Ya kwashe toka da kashin shanu, ya hana kowa hura wuta a ƙarƙashin rumfar don hayaƙi na baƙanta bango. Daga nan ya yi shingen ƙaya. Ya sha faɗa da samari masu rubuta sunan 'yammatansu da gawayi. Wani mai magani ya zo zai kankare jan launin ya haɗa laya, Yaya ya bi shi da sanda yana ɗingishi har bakin hanya. Albashi babu. Kullum da safe ya hau babur daga Aboabo, la'asar ya dawo.

A teburin mai shayin unguwarmu ba su ƙyale shi ba.

"Sarkin Shanu, yau an yi tatsa?"

"An yi. Nonon ne bai kai ga marowata ba."

"To shanun naka sun isa zakka?"

"Sun isa. Kai dai ba ka cikin masu karɓa, dubi tumbinka."

Wasu suka ce gadin gumaka yake yi. Ya ce shi bai taɓa rusuna musu ba, shara yake yi. Ni ma na gaya masa ɓata ƙarfinsa yake, amma duk Lahadi nakan kai masa abinci. Baƙi suna zuwa: 'yan makaranta da malamansu, fatake, wani lokaci har Turawa. Duk wanda ya ga shanun sun fito sai ya ja da baya ya riƙe baki, Yaya kuwa ya tsaya gefe kamar uban ango.

Shekaru suna tafiya a haka, sai wata Lahadi wata mata ta zo daga gidan adana kayan tarihi. Ba'asantiya ce, amma a Krofrom ta girma cikin mutanenmu, tana jin Hausa sosai. Madam muke ce mata. Aka gaisa, ta zauna, ta sha ruwa. Yaya ya ɗaga buta. Sai ta tashi da sauri ta riƙe masa hannu.

"Baba, dakata."

Na ji haushi, yarinya sa'ar 'yarsa ta kama hannun dattijo.

"'Yata, ba za ki ga komai ba sai na jiƙa."

"Kullum haka kake yi?"

"Duk baƙon da ya zo. Ban taɓa hana kowa ba, ko ba shi da ko sisi."

Da alfahari ya faɗa. Madam ta ce ya zo ya duba. Ta nuna masa wani fari-fari da ya lulluɓe ƙasan bangon, kamar kanwa. Ta ce akwai gishiri a cikin dutse. In an jiƙa, ruwa ya shiga ya narkar da shi. In ya bushe, gishirin ya fito waje, ya ɗago launin ya zubar. Ta bi da yatsa a iska, ba ta taɓa ba, ta nuna inda farin ya tsaya. Daidai inda ruwan buta yake kaiwa ne.

"Dubi na saman, Baba. Jansu yana nan."

"Ai waɗannan sababbi ne, daga baya aka zana su."

"Launi ɗaya ne, hannu ɗaya. Butarka ce ba ta kai can ba."

Ya juyo wurina. "Saja, kin ji abin da take faɗi?"

Ni ba na ƙarya don a ji daɗi. Na ce, "Yaya, ina maraƙin nan da ke tsotson babbar saniya? Wanda muke shafawa in Baba ya kawo mu?"

Ya sunkuya ya duba wurin. Ya daɗe yana dubawa. Babu maraƙi, saniyar ma ƙafafunta na baya sun tafi. Ya miƙe ya ce, "Ana iya mayar da shi?"

"Ba a iyawa, Baba. Sai dai a tsare abin da ya rage."

Ta yaba masa kan shingen da hana wuta, ta ce ba don shi ba da tuni babu komai. Ban ga alamar ya ji ba. Ta ce da sassafe, in rana ta shigo rumfar a karkace, ana ganin zanen ba tare da ruwa ba. Tun daga ranar bai sake watsa ko ɗigo ba.

Ga yadda abin ya biyo baya. Baƙi ba sa zuwa da sassafe, sai rana ta take. Su tsaya su ƙura wa bango ido, Yaya yana nuna musu da kara, yana cewa nan ƙaho, nan tozo. Wani malamin makaranta ya ce an sa shi ya kwaso yara su kalli bango. Wani Alhaji na Zango, unguwar Hausawa a Kumasi, ya kawo baƙinsa daga Nijar, ya ce, "Haba Malam, ɗan ruwa kaɗan, kada ka ba ni kunya." Yaya ya ƙi. Alhajin ya koma yana cewa tsufa ya taɓa shi. Wannan ya fi komai yi wa Yaya ciwo, don a gidanmu ba a hana baƙo abin da ya roƙa. Kafin shekara ta zagayo, ciyawa ta rufe hanyar.

A lokacin gari ya riga ya taho. Gidaje sun kusa gindin dutsen, magina na neman tsakuwa. Wani ɗan kwangila ya nemi Nana ya ba shi dutsen ya fasa. Madam ta yi ta kai kuka ofishinsu, aka ce ana dubawa. Nana ya ce zai zo da dattawansa ya gani da idonsa, in akwai abin tsarewa a tsare, in babu a fasa.

Na sami Yaya a zaure na ce, "Ka watsa sau ɗaya. Su gani, su tafi."

"Kin ji abin da yarinyar nan ta ce."

"Na ji. Buta ɗaya da nakiya, wanne ya fi ɓarna?"

"Saja, kowace buta da na watsa, ɗaya ce a lokacin."

"To in sun fasa fa?"

"Su suka fasa. Ni hannuna ya isa haka."

Na ce masa wannan taurin kai ne, ba tsoron Allah ba. Ya ce a gidanmu ba shi ya fi kowa taurin kai ba. Muka rabu ba daɗi, amma ranar zuwan Nana na bi shi.

Da rana tsaka suka iso, da laima da kujera. Nana ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Yaya ya gaishe su, ya ba su ruwa suka sha, ya ɗauki kara ya fara nuni. Waje haske ya kashe ido, cikin rumfa duhu. Nana ya ɗaga kai ya runtse, ya yi magana da Asante. Mai magana da yawunsa ya ce, "Nana ya ce, an ce kana fito da su. Ka fito da su."

Butar tana nan kusa da ƙafarsa, cike. Na dube shi, ya kau da kai.

"Ka gaya wa Nana, ruwa yana kashe su. In ya yarda ya dawo da sassafe, zai gani."

Wani dattijo ya yi dariya, ya ce yau ɗan Zango ne ke sanya wa sarki lokaci. Nana bai yi fushi ba. Ya ce saboda wahalar da mutumin nan ya sha, a bar masa rumfarsa. Bayan dutsen kuwa a ba ɗan kwangila.

Da rani suka fara fasawa. In nakiya ta tashi, ƙasa ta girgiza har cikin ƙafa, ƙura ta zubo daga rufin rumfar. Yaya yana zaune a ciki, ya ƙi matsawa ko an busa usur. Wata safiya ya ga tsaga a rufin, siririya kamar zare, ta taho daga baya har kan ƙananan shanun. Madam ta zo ta gani, idonta ya cika. Da wannan tsagar ce ofishinsu ya motsa, aka tsayar da fasa dutsen, aka kawo waya aka kewaye wurin. Yaya ya ce zai toshe da siminti, ta ce siminti ma gishiri gare shi. Ya sa aka hau aka aza kwanon rufi da duwatsu a sama, amma tsagar ta yi rassa a inda ido ba ya gani.

Daminar da ta biyo ita ce ta ƙarshe da ya gani, Allah ya jiƙansa. Ranar ruwan farko mai ƙarfi ina can, na kai masa abinci. Muka fake a rumfar. Can sai ruwa ya fara tsattsafowa ta rufin, ya bi bango yana gangarowa a hankali ta kan ƙananan shanun. Suka fito jajawur, har da wata mace ɗauke da ƙwarya a ka, wadda ban taɓa sanin tana wurin ba. Yaya ya cire hularsa ya miƙa zai tare, hannunsa bai kai ba. Ya koma ya zauna a kan buhu.

Ya ce, "Saja, matso ki gani da kyau. Baɗi ba haka za su kasance ba."

Na matsa, muka kalla har ruwan ya ɗauke.