Aska a Maƙogwaron Direba

Shekara ashirin da ɗoriya Mai Aski yana cikin shagon nan mai kujera ɗaya da tsagaggen madubi. Abu biyu aka san shi da su a layin: laushin hannu da shaƙiyanci. Ya iya kwaikwayon mashayi har ka rantse ya kora, ya taɓa sa ango kuka da ƙaryar gashinsa ya fara zubewa. Abin da bai taɓa gaya wa 'yan benci masu zaman hira a shagon ba shi ne ciwon suga gare shi, kullum da safe sai ya yi wa kansa allura.

Ran nan da hantsi shago ya cika, ya yi allurar bai samu ya karya ba. Direba, abokinsa tun suna yawo ba wando, yana kan kujera, kumfa har kunne, an ɗage masa haɓa.

"Baba, daina motsi," in ji Mai Aski.

'Yan benci suka kwashe da dariya. "To, an fara!"

Direba dai bai dara ba. Ta madubi yana ganin gumi na tsiyaya a goshin abokinsa, alhali fanka na kaɗawa. Idanu a buɗe, amma ba shi suke kallo ba. Aska kuwa tana kan maƙogwaronsa, tana rawa.

"Kai, ɗan iska, ni ne fa," ya ce ta tsakanin haƙora.

"Wa ya shigo da ku ɗakinmu?" Mai Aski ya harari benci, harshensa ya yi nauyi. "Ina Inna?"

Inna kuwa shekararta tara a ƙasa. Wani tela har da buga cinya: "Wallahi na yau ya fi na kullum!"

Direba ya ji wani siririn zafi, ja ya ratsa farin kumfa. In ya fizge ya yanka kansa, in ya yi ihu Allah kaɗai ya san inda hannun zai nufa. Tunda Baba aka kira shi, sai ya zama Baban. Ya kwantar da murya:

"Yaro, ajiye askar nan. Innarka na kira."

Hannun ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan a hankali askar ta bar wuyan, ta faɗa kwanon ruwa. Direba ya zabura ya tare Mai Aski kafin ya faɗi, ya ji riga sharkaf, jiki sanyi ƙalau.

"Ku rufe haƙoranku ku kira mai kemis!"

Matar da ke sayar da magani a shagon gefe ta shigo da gudu. Ita ke ajiye masa allurar, kallo ɗaya ta yi masa.

"Sugansa ne ya faɗi. Yana iya haɗiya, ku kawo lemo mai zaƙi, maza!"

Da kaɗan-kaɗan ta ba shi. Can idanunsa suka dawo, suka sauka kan tawul ɗin da Direba ya danne a wuya.

"Wane mugun ne ya yi maka wannan aika-aika?"

Mai Aski ya dubi kwanon ruwa, ya dubi hannunsa. Direba ya zaro makullin mota.

"Tashi, mugu. Asibiti za mu."