Kunnuwan Ɗan Mushe

Shekarar da anka kawo mana sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu na saman dutse kafin a kai Allakaye, gidan da ke jikin namu anka ba shi. Mushe muke ce mishi, wato malam da Faransanci, matarshi kuma Madam. Kiristoci ne, iyayensu mutanen bakin teku, amma a Yamai sunka tashi. Mushe dogo ne siriri mai ladabi, Allah kuma ya yi mishi kunnuwa masu faɗi, waɗanda in ya tsaya bakin ƙofa da hantsi sai ka hangi hasken rana ta cikinsu. Ba zagi nike ba, halittar Ubangiji ce.

Darni guda ya raba ni da Madam. Ta sama take miƙo mini gishiri, ni in miƙa mata garwashi. Ta koya mini miyar kuɓewa da busasshen kifi, na koya mata damun fura, ko da yake har yau tata gudaji gare ta. Yaya take ce mini. Da ciki ta zo garin, kuma tsakiyar damina ta sauka, ɗa namiji. Surukata, wadda ita ce ungozomar unguwarmu, ita ta yanke cibi. Munka yi barka, munka ɗora ruwan wanka, komi lafiya.

To, a wurinmu in anka haihu, kafin a je ko'ina sai ka ga uban ɗa yana bin gidaje da goro, rago ɗaure ƙofar gida, mata sun fara sussukar biki. Gidan Mushe kuwa tsit. Ba goro, ba rago, ko kaza ba a ɗaure ba. Da safe ya rataya jakarshi ya nufi lakwal, har da fito yake yi.

Wanda bai san mu ba zai ce mi ne a ciki. Amma mu, namijin da ya bar kwana bakwai ya wuce bai yanka ma jariri rago ba, magana guda ya faɗa ba da baki ba: ɗan nan ba nawa ba ne. In kuwa ranar ta wuce a haka, tabon ba ya goguwa. Uwar ba ta sake ɗaga kai cikin mata, yaron ko ya yi furfura ana tuna mishi.

A bakin rijiya maganar ta tashi. Matar mai shagon unguwarmu ta aje wasaki ta ce, "Ni dai ban ce komi ba. Amma mutum mai albashi, a ce rago ya gagare shi? Akwai abin da ya sani."

Wata ta ce, "Kuma kun ga yadda take dariya da kowa."

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, na ce a hankali, "Ku ji tsoron Allah." Ba wadda ta ji ni. Daga ranar masu zuwa barka sunka ragu, waɗanda ke zuwa kuma sai su zauna su rafka tagumi suna ce ma Madam sannu, sai haƙuri, kamar gidan ta'aziyya.

Ita ta tsare ni. "Yaya, wa ya mutu?"

Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na gaya mata. Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Tana cikin dariyar sai na ga hawaye, ta jawo ɗanta ta rungume, ta ce, "Yaya, ba ni da kowa a garin nan da zai tsaya mini."

Da na kai ma surukata labari, sai ta miƙe ta ɗaure ɗankwali. "Ni na yanke cibin yaron ga, na kuma ga abin da na gani. Taho mu je."

Muna zaune ɗakin Madam sai Mushe ya dawo cin abincin rana. Bai gama gaisuwa ba ta kama mishi hannu, ta zaunar da shi bakin gado, ta tuɓe ma jariri hula.

"Dibi nan," ta ce, tana nuna kunnen yaro. Ta ɗaga hannu ta kama nashi. "Ka kuma taɓa nan. Ɗana, duk ƙasar Adar akwai mai irinsu in ba kai ba? Wa ka so ka laƙa ma su?"

Mushe ya dube ni, ya dubi matarshi. "Inna, mi ya faru?"

"Kai muka tambaya. Ina rago?"

Sai ya yi murmushi ya fara bayani kamar yana gaban ɗalibai. Wai su ba haka suke yi ba. Sunan yaro yana bakinshi tuni, kuma bayan girbi limaminsu zai zo Madawa, su kai yaron majami'a a zuba mishi ruwa a kai.

"Ruwa?" in ji surukata. "Ruwa ai ni ka zuba mai safe da marece, har da sabulu. Suna kuma a bakinka, wa ya ji? Wa ya ci?"

Madam ce ta fassara mishi da Faransanci abin da ake faɗi a rijiya. Na ga mutum ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce gobe-gobe zai sayo rago. Sai dai ina? Saura kwana biyu, ƙorama ta cika ta yanke hanyar Buza, garinmu kuma ba mai sayar da rago cikin damina, ragunan duk sun bi makiyaya daji.

Rago guda ya rage cikin gari, na kawun mijina. Gidan mijina asalinsu Azna ne, masu addinin kakanni. Kowa ya kama salla sai kawu, shi ya ce ya tsufa da canza hanya. Kowace shekara yakan turke dabba don tsafin gida kafin a ci sabon hatsi, bana kuma wani farin rago ya turke, ƙato. Ba wanda ya iya buɗe baki ya roƙe shi. Da la'asar sai ga shi da kanshi yana janye da ragon, yana zagin shi don ya ƙi tafiya.

"Ina mai kunnuwan? Karɓi. Yaron da anka haifa bisa dutsen ga namu na."

Liman ya ji labari ya taho da sauri. Shi da kawu tare sunka yi kiwon awaki suna yara, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Kai tsoho," in ji liman, "ragon da ka yi ma iskokinka alkawari za ka ba ni in yanka?"

"Malam, ban gaya musu ba tukuna. Su akuya suka tsammani."

"Rantse."

"Da naka ko da nawa?"

Liman ya yi ta ƙoƙarin haɗe rai, dariya ta ci ƙarfinshi. Ya zauna yana jan carbi, sannan ya ce tun da ba a ambaci kowa kan ragon ba, shi zai yanka da sunan Allah don kowa ya ci. Suna kuwa uban ɗa ya faɗa da bakinshi. Mushe ya tambaya cikin ladabi ko wannan zai hana mishi kai yaron majami'a.

"Ruwanka na nan," in ji liman. "In an yi girbi ka kai shi a zuba mai, ko da tulu. Mu dai muna cewa Allah raya, wannan ba ta da shinge."

Ranar suna da sassafe anka shimfiɗa tabarmi ƙofar gidan Mushe, maza sunka cika har bakin hanya. Ya miƙe ya faɗi sunan ɗanshi da ƙarfi, maroƙi ya karɓa ya kai ma mata ciki. Mushe ya taɓa goshi da ƙirji ya yi addu'arshi da Faransanci. Mutanenmu ba su san inda za ta ƙare ba, sai sunka riƙa cewa amin duk inda ya tsaya numfashi. Liman ya yi tashi. Kawu, wanda goshinshi bai taɓa sanin ƙasa ba, shi ya fi kowa ɗaga murya a duka biyun, har liman ya ce mishi ya rage ma gobe.

Cikin gida kuwa ɗakin Madam ba masaka tsinke. Matar mai shago ita ce ta farkon zuwa, da kwaryar gero a kai, tana faɗin ita dama tun farko ta ce yaron sak ubanshi. Ta karɓe shi daga hannun wanzami ta hana kowa ɗauka. Madam ta dube ni, ni kuma na dubi rufin ɗaki.

Da azahar surukata ta kawo ma mai jego kai da ƙafa, ya sha yaji irin na gidanmu. Madam na zaune tsakiyar mata cikin zanen da na ara mata, ana yi mata guɗa a kunne. Ta kai loma guda, hawaye sunka zubo, hanci na yoyo, tana fifita baki da hannu.

"Yaya," ta ce, "ku mutanen nan kun cika wahala."

Ta turo mini kwanon in ƙara mata romo.