Ranar da Yaya Hadiza Ta Fita Daga Taro

Azumin bana ya cika shekara bakwai da rasuwar yayata Hadiza, Allah Ya jiƙanta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, daga Maraɗi aka kawo mu Yamai muna ƙanana. Da ta ajiye aikin sakatariya, maimakon ta miƙe ƙafa ta huta, sai ta shiga komiten wata ƙaramar ƙungiya mai tallafa wa matasa da kayan sana'a. Ba albashi, ko na taksi ba a ba ta. Su biyar ke zama su duba dosiyen masu nema, wato takardun neman tallafi, su zaɓi wanda za a ba keken ɗinki da wanda za a ba kayan gyaran moto, wato babur.

Ita ta kawo musu wata ƙa'ida: duk wanda ɗan'uwansa ke cikin masu nema, in an zo kan dosiyensa, ya ɗauki takalmansa ya fita har a gama. A garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, ku ji fa. Dariya na yi ranar da ta ba ni labari, ban san a kaina abin zai faɗo ba.

Ɗana Nasiru ya gama koyon gyaran firigo, na'urar sanyaya kaya, a unguwar Lamorde, kayan aiki kawai ya rasa, sai ya kai dosiye. Ni kuwa har na fara gaya wa maƙwabta a unguwarmu Bobiel cewa magana ta ƙare, tunda innarsa na ciki. Aka zo kansa, Yaya ta fita ta zauna a gindin darbejiya. Aka ba wata mai ɗinki wadda tuni take da masu kawo mata aiki, shi kuma aka ce ya sake nema baɗi.

Wallahi na ji zafi. Na wanke ƙafa na je gidanta a unguwar Koira Kano, na faɗa mata maganganun da har yau nake jin kunyarsu, har da cewa ta sayar da jininta don a yabe ta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce:

"Zainabu, da na zauna da an ba shi, don ganin idona. Amma shi kansa ba zai taɓa sanin ko ya cancanta ba."

Na ce ta riƙe wa'azinta. Wata takwas ban taka gidanta ba. Suna biyu aka yi a dangi, ina hango ta ina canza tabarma. Ita ce babba, amma ita ta zo. Wata Asabar da hantsi sai ga ta da kwanon dambu da kopto, kwaɗon zogale, ta ce in matsa ta zauna, ƙafafunta na ciwo. Muka ci. Ba ta tayar da zancen ba, ni ma na yi kamar na manta, haka muka shirya.

Nasiru bai ɗauki abin da zafi irin nawa ba. Ya ci gaba da bin maigidansa aiki, ya haɗa sunayen gidajen da ya yi wa gyara, ya sake nema. Yaya ta sake fita, wannan karon aka ba shi. Yau yana da shagonsa, in zafi ya shigo wayarsa ba ta hutawa. Mai cewa innarsa ce ta yi masa hanya, dariya kawai yake yi masa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga ƙungiyar a yau. Dosiye ta waya ake turawa, wani sa'in har taron ma ta waya ake yi. Na tambayi Malam Isufu, wanda suka yi zaman komiten tare, yadda mutum ke fita daga ɗakin da ba shi da ƙofa. Ya ce kashe waya ake yi har a kira ka. Na san da ta yi tsaki ta ce zamani ya lalace, sannan ta riga kowa iya danna abin.

Yaya ba ta bar wata dukiya ba. Ta bar mutane huɗu da har yau suke jin kunyar zama a kan dosiyen ɗan'uwa, ta kuma bar mini ɗa mai tafiya kansa a ɗage. Hankalina kwance yake, don mun yi shekara huɗu muna cin kwano ɗaya kafin ta tafi. Abu guda ne girman kai ya hana ni faɗa mata, kullum ina cewa sai gobe. To yau ga shi a gaban duk mai karanta wannan shafi: Yaya, ke ce da gaskiya, ni ce na yi kuskure.